Me ke korar masu aikin kare yara a Sakkwato, albashi ko wani abu daban?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son kawo maganar nan, abin da ya faru jiya ne ya sa na kasa haƙuri.

Shekarata 7 ina aikin kare yara a nan cikin garin Sakkwato. Ba zan faɗi ofis ba, waɗanda suka san ni sun sani. Lokacin da aka ɗauke ni mu tara ne a sashenmu. Jiya Alhamis ta biyar ta ajiye takarda, mun koma mu huɗu, a cikin huɗun ma ɗaya saura 'yan watanni ya yi ritaya. Da za ta tafi sai ta loda fayil-fayil ɗinta a kwalin taliya, ta dire min, ta ce "Yaya, ki yafe ni." Har yanzu ban buɗe kwalin ba. Yana nan ƙarƙashin tebur, duk na miƙe ƙafa sai na taɓa shi.

Kowa ka tambaya sai ya ce albashi ne. Ni ban yarda albashi ne kaɗai ba. Malaman firamare ma ba wani abin kirki suke karɓa ba, amma ba sa watsewa irin namu. Kuma wadda ta tafi jiya ba wani aiki ta samu ba, gida kawai ta koma. To me ke sanyaya wa mutane gwiwa haka? Waɗanda ke ciki da waɗanda suka fita, don Allah ku yi magana.

DanGwadabawa:
Wa alaikumus salam. Hajiya batun kuɗi na, kak ki wahal da kanki. Malamin makaranta in ya shiga aji ya hito shi ke nan. Ni kau sai in hau mashin in shiga ƙauye da man da na saya da kuɗin cefanen gidana. Kahin 29 ga Mayu 2023 litar mai a hukumance ba ta kai naira 200 ba. Da anka cire tallahi ta haura 500, daga baya har ta wuce 1,000. Mu kau ba a ƙara muna kuɗin zirga-zirga ba, don dama ban san ranar da anka taɓa ba ni shi ba. Watan jiya anka kira ni kan wani yaro da kawunai ya ɗaure da igiyar akuya kwana biyu, sai da na ci bashin kwalba biyu ga ɗan bumburutu kana na tahi. Matata ta raɗa ma aikin ga suna, kishiya.

Malam_Sodangi:
Allah ya saka muku da alheri. Amma ku riƙa tuna wannan aiki na lada ne kafin ya zama na albashi. Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai kula da maraya a Aljanna. Wanda ya shiga don Allah ba zai fita don naira ba. A yi haƙuri, a gyara niyya.

Zee_Arkilla:
Allah ya gafarta Malam, ba wanda ke musun hadisi. Amma mai gidan haya ba ya karɓar lada, mai shago ma haka. Kuma wallahi wannan maganar ta "aikin lada ne" ita ake rufe mana baki da ita a ofis. Da ka ce ina kuɗin mota, sai a ce kai ba don Allah kake yi ba? Shi mai faɗin haka kuwa direba na jiransa a waje. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, to ku je Kasuwar Daji da shi ku ga ko zai kai ku tsakiyar wata.

Malam_Sodangi:
Ban ce a danne haƙƙin ma'aikaci ba, 'yata. Addinin da ya kwaɗaitar da kula da maraya shi ya ce a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Na karɓi gyara a nan.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara 35 cur a aikin walwalar jama'a, na fara tun Kebbi da Zamfara suna cikin Sakkwato, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Ku dubi girman ƙasar da muke zagayawa a lokacin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mu ma ba mu yi kuɗi ba. Amma akwai abu biyu da muke da su. Na farko, in ka fita rangadi akwai mota, ko tsohuwa ce, kuma kana dawowa ka cika takarda a biya ka kuɗin kwana. Na biyu, wanda ya fi, maganarka tana da nauyi. In jami'in walwala ya rubuta rahoto a kan yaro, alƙali zai karanta. Hakimi zai ba ka tabarma kusa da shi. Uba in ya ji an ce ka zo, zai sa hula ya fito.

Abin da na gani da idona kafin in bar aiki shi ne yadda sashen ya koma wurin jefa mutum. Duk wanda ya saɓa da oga, ko aka rasa inda za a kai shi, sai a ce a tura shi walwala. Na taɓa karɓar wani da aikin gona ya karanta, mutumin kirki, amma ranar farko da aka kawo yarinya tana kuka sai ya fita ya bar mana ofis. Ba laifinsa ba ne. To in an cika wuri da waɗanda ba su nema ba, waɗanda suka nema sai su ɗauki kayan kowa, su ne kuma ke fara durƙushewa.

@Ummu_Hanan, ki buɗe kwalin nan. Yaran da ke ciki ba su san an ajiye aiki ba.

Na_Sauke_Kaya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina cikin waɗanda suka fita, shekara biyu ke nan, kuma ba don kuɗi ba. Mijina ɗan kasuwa ne, albashina dama kuɗin anko da gudummawar biki ne. Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni.

Yarinya ce 'yar shekara 11 mai tallan awara. Wani mai shago a layinsu ya lalata ta. Uwar ce ta kawo ta a ɓoye, da mayafi ta rufe mata fuska. Na kwana uku ina zarya tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda, kabu-kabu da kuɗina, katin waya da kuɗina, har takalmin roba na saya mata don ƙafa ɗaya ta zo da shi. A rana ta biyu ta fara yi min magana. Ta riƙe gefen hijabina ta ce, "Anti, za a kama shi?" Na ce mata za a kama shi. Wannan kalmar ita ce har yau ban yafe wa kaina ba.

An kama shi kuwa. Bai yi mako ba sai ga tawaga: dattawan unguwa, wani mai faɗa a ji, da uban yarinyar a tsakiyarsu kansa a ƙasa. Wai a bar kaza cikin gashinta, wai in magana ta fita wa zai aure ta, wai mutumin ya yi nadama zai biya kuɗin magani. Na ce ban yarda ba. Da yamma sai waya daga sama, a cikin lallami, "Hajiya, ki bi a hankali, iyaye sun ce sun yafe." Uwar ta daina ɗaukar wayata. Da na je gidan aka ce an kai yarinyar ƙauye wurin kakarta.

Bayan wata biyu na bi ta layin a kan kabu-kabu. Yana zaune a bakin shagonsa yana shan shayi, wasu 'yan mata biyu masu talla suna tsaye a gabansa. Ya gane ni. Har ya ɗaga min kofi.

Washegari na rubuta takarda. Da a ce albashina ninki uku ne, da ranar ma zan rubuta ta.

Zee_Arkilla:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, kowa a cikinmu yana da irin wannan mai shagon.

DanGwadabawa:
Na janye rabin maganata. Rabi dai.

Lauya_Kanwuri:
@Na_Sauke_Kaya, Allah ya ba ki lada. Ina so in gyara wani abu don masu karatu, ba don ke ba. Fyaɗe ba bashi ba ne da uba zai ce ya yafe. Laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, gwamnati ce mai ƙara. Dokar haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, Sakkwato kuma ta samu tata dokar kare yara a ƙarshen 2021, zamanin Tambuwal, tare da dokar hana cin zarafin jama'a. A takarda ba mu da giɓi sosai.

Matsalar a aikace ita ce shaida. In an ɗauke yarinya an kai ta ƙauye, uwa ta ce ba ta san zancen ba, mai gabatar da ƙara zai tsaya gaban alƙali da fayil kawai. A ɗage, a sake ɗagewa, daga nan a sallami mutum. Kuma ga inda maganar Ummu_Hanan ta shigo: sau da yawa jami'in walwala shi ne igiyar da ke riƙe iyalin da shari'ar. Shi ya san gidan, shi uwa ta yarda da shi. Na taɓa rasa kes sukutum don jami'ar da ta fara shi ta bar aiki, wanda ya gaje ta bai ma san unguwar ba.

Abu_Sadiq77:
Ku yi haƙuri, ni ba ma'aikacinku ba ne, amma kuna zagin sulhu kamar ba alheri ba ne. Ba komai ake kaiwa kotu ba. Mu Hausawa muna da hanyarmu, kuma rufin asiri ba laifi ba ne. Wasu daga cikinku ma ku ke ɓata gida, ƙaramar magana ku mai da ita babba don ku samu abin rubutawa Turawa.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana, ni na yi sulhu ya fi a ƙirga, kuma ina alfahari da shi. Rigimar riƙon yaro bayan saki, uban da ya ƙi ciyarwa, kishiya da ɗan miji, duk a tabarma muke kashe su, kuma ya fi kotu sauri da albarka. Amma ban taɓa zama sulhu a kan wanda ya taɓa yarinya ba. Asirin wa ake rufawa a nan? Ka sake karanta labarin, ka ga wanda aka kai ƙauye da wanda ya ci gaba da shan shayi.

Abu_Sadiq77:
A kan wannan ban ja ba, Baba. Ina magana ne a kan sauran.

Hauwa_Kulu_RS:
Tunda an ambaci Turawa, bari mu 'yan ƙungiyoyi mu kare kanmu, don na san ana zuwa kanmu. Ni daga gwamnati na koma ƙungiya mai zaman kanta. Eh, albashin ya fi. Amma abin da ya fi burge ni a watan farko ba shi ba ne. Na ce ina so in je bibiyar wani yaro, aka ce ga mota gobe ƙarfe takwas. Na tsaya ina kallon mutumin, na zaci wasa yake. Kuma duk mako biyu akwai wadda za ta zauna da ni mu bi fayil ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni ina na maƙale. Shekara biyar a wancan ofishin ba wanda ya taɓa tambayata haka, sai dai "ina rahoton wata?"

Sai dai kada kowa ya ruɗu. Aikin ƙungiya kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya. Shirin Spotlight na yaƙi da cin zarafin mata da 'yan mata, na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Sakkwato na cikin jihohin da ya shafa, ya zo ya ƙare a 2023. A farkon 2025 kuma Trump ya dakatar da tallafin Amurka, ayyuka da yawa a ƙasar nan suka tsaya cak. Na san waɗanda suka bar aikin fansho suka zo nan, yanzu ba su ga tsuntsu ba su ga tarko.

Sarkin_Yakin_Bodinga:
Hajiya Hauwa, ba a ce kun yi laihi ba, amma ku duba abin da ka faruwa. A ɗauki mutum a kai shi bita, a koya mai yadda za ya yi hira da yaro, yadda za ya cika fom, ya ƙware. Wata shida ƙungiya ta ɗauke shi. Gwamnati ta koma makarantar horas da ma'aikatan ƙungiyoyi. Sannan ita kanta bitar, in ta otal ce mai alawus, ba mu da ke shiga rana ake turawa ba. Sunan ɗan ɗakin oga za ka gani, wanda bai taɓa zama gaban yaro ba. In ta ƙarƙashin bishiya ce da ruwan leda, to nan za a tuna da kai.

Hauwa_Kulu_RS:
Wannan na bitar gaskiya ne, na sha ganin fuskokin da ban sani ba a takardar sa hannu. Amma wanda ya tafi ba sace shi aka yi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Dan_Gabas:
Duk kuna magana ne daga cikin gari. Ku zo gabas ku gani. Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah, akwai garuruwan da shekara da shekaru ba jami'in da ya taka, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Yaran da aka kashe iyayensu a gabansu, waɗanda aka karɓo daga daji bayan an biya kuɗin fansa, 'yan matan da suka dawo da ciki, su ne suka fi kowa buƙatarmu, su ne kuma ba mu isa wurinsu. Ni da waya nake aiki, ranar da akwai sabis. Wasu sun gudo cikin Sakkwato suna kwana a kangwaye, da safe yaran su bazu bara a shataletale.

An taɓa turo mana wani matashi sabon ɗauka. Ya zo ranar Litinin a motar kasuwa, ya kwana ɗaya ya ji harbi, Laraba ya koma. Ban kira shi ba. Me zan ce masa? Babu alawus na haɗari, in an ɗauke ka danginka ne za su sai da gona.

Jihar nan ƙananan hukumomi 23 ce. Ina so wani ya faɗa min a cikin nawa ne ake da jami'in kare yara da ke kwana a inda aka tura shi.

Yar_Danfodiyo:
Salam. Ni ɗaliba ce, ajin ƙarshe a sashen nazarin zamantakewa a Jami'ar Danfodiyo. Wallahi wannan aikin nake buri tun ina sakandare, amma yanzu jikina ya yi sanyi. Iyayena a nan, ku ba ni shawara, in nema ko in haƙura?

Zee_Arkilla:
Ƙanwata ki nema, amma ki koyi ɗinki a gefe.

Na_Sauke_Kaya:
Ki shiga, 'yata. Abu ɗaya kawai, kada ki taɓa yi wa yaro alkawarin abin da ba a hannunki yake ba. Ki ce "zan tsaya tare da ke", kada ki ce "za a kama shi".

Alaramma_Gidan_Dare:
Tunda an ambaci bara, ina da ƙorafi a kanku. Ba ku tuna da tsangaya sai in za a kwashe yara. A 2020 lokacin korona gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, ku aka sa gaba kuna rubuta sunaye. Bayan nan wa ya koma ya ga yadda suka ƙare? Da dama daga cikinsu sun dawo. Yanzu an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa tun 2023, muna dai jiran mu gani a ƙasa.

DanGwadabawa:
Allah shi gafarta Malam, ni ina cikin masu rubuta sunayen. Kuma gaskiyarka, ba mu koma ba. Da mi za mu koma? Na riƙe littahin nan har yau, wani yaro da anka tambaye shi sunan garinsu sai yac ce "gidanmu kusa da rijiya". Shekararshi ba ta wuce shidda ba. Amma Malam, ku ma ku daina karɓar irin waɗanga, wanda ko wandonai bai iya ɗaurewa.

Alaramma_Gidan_Dare:
Uban ne ke kawo shi ya juya. In na ƙi, gaba zai kai shi, inda ba a san shi ba. Amma na ji.

Admin_Bashar:
Jama'a, maganar almajirci a buɗe mata nata zaure, ta fi ƙarfin nan. Mu koma kan tambayar Ummu_Hanan.

Inna_Ta_Gagi:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, goggon yaro ce. Ku bari in faɗa muku yadda tafiyarku take a wurinmu. Ɗan ƙanina ne, matar uba ta ƙona masa hannu da ruwan zafi. Jami'ar farko ta zauna da shi a ƙasa, ta ba shi biro ya yi ta zane, sai a zuwa na uku ya buɗe baki. Muka koma aka ce an yi mata canjin wurin aiki. Na biyu namiji ne, ya ce a fara daga farko. Yaron ya faɗa, yana rawar jiki. Bayan wata uku shi ma ya samu wani aiki. Ta ukun da ta ce "faɗa min abin da ya faru", sai yaron ya dube ni ya ce, "Goggo, ba na faɗa ba?" Daga ranar bai sake cewa uffan a kai ba, ko a gida.

Ban zo zargi ba, na ga yadda ofishin yake, fanka ma babu. Amma in za ku tafi, ku rubuta abin da yaro ya faɗa da kyau, don kada a sake tsare shi.

Ummu_Hanan:
Inna, wannan ta shige ni. Kuma kin taɓo wani ciwon: ba mu da tsarin miƙa aiki. Mutum ya tafi, abin da ke kansa ya tafi da shi. Fayil ɗin rabin shafi ne, sauran yana cikin wayarsa.

Nas_Maryam:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna haɗuwa da ku kullum. Don a yi adalci, an samu ci gaba. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru tana karɓar waɗanda aka ci zarafinsu kyauta tun 2020, da can ba mu da irinta. Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa sosai a nan. Ku kanku wa ke duba ku? Mu in mun tashi daga aiki mun miƙa wa mai karɓa, mun tafi. Ku lambarku tana hannun kowa, ƙarfe biyun dare a kira ku. Akwai wata jami'a da na sani, ta hana 'yarta zuwa ko shagon ƙofar gida, ƙanin mijinta ma in ya ɗauki yarinyar sai ta fizge ta. Har aurenta ya so ya girgiza. Ba hauka ba ne, abin da ido ya gani ne ya taru ba inda za a sauke.

Zee_Arkilla:
Anti Maryam kamar da ni kike. Ni barci ne ya ƙaurace min. Kuma ba ka isa ka faɗa a gida ba, sirrin mutane ne. A ofis kuwa ka ce abu ya dame ka, sai a ce ba ka da tawakkali. Ga masu biyo ka har gida. Wani uba ya taɓa tsayawa a ƙofarmu yana ɗaga murya wai na raba shi da 'yarsa, maƙwabta suka fito kallo. Maigidana ya ce saura sau ɗaya.

Baba_Mai_Ritaya:
A zamaninmu duk Juma'a bayan an sauko masallaci mukan zauna a gidan babbanmu, a ci tuwo, kowa ya amayar da abin da ya gani a mako. Ba mu san yana da suna a littafi ba, sai daga baya na ji a wata bita wai wani fanni ne guda. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ku huɗun da kuka rage, me ya hana ku?

Lauya_Kanwuri:
Ƙari a kan maganar Baba ta farko. A ƙarshen 2022 Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da sana'ar aikin walwalar jama'a ta ƙasa. Manufarta a san wane ne ƙwararre, a yi masa rajista kamar yadda ake yi wa nas da lauya. In ta zauna da gindinta, zai yi wuya a turo wanda ya karanta aikin gona ya zauna gaban yarinyar da aka ci zarafinta. Ku matsa ta ƙungiyarku, doka ba ta tafiya da ƙafarta.

Sarkin_Yakin_Bodinga:
Barista, rajista kuma da kuɗinmu za mu yi ta, ko? Mu dai a fara da mai a mashin.

DanGwadabawa:
Kun ga an dawo wurina. Mai dai.

Na_Sauke_Kaya:
Malam, ko an cika maka tanki, in ka isa ka tarar an riga an yi waya daga sama fa?

DanGwadabawa:
To ai gara in isa in gani da idona, Hajiya. Yanzu ko isa ba ni yi.

Ummu_Hanan:
Na gode muku duka, ban zaci maganar za ta kai haka ba. Baba, na bi umarninka, yau Litinin na buɗe kwalin. Fayil 31 ne. A bayan kowanne ta maƙala 'yar takarda da rubutun hannunta: wannan uwar ba ta ɗaukar waya sai bayan la'asar, wannan yaron kada a tambaye shi a gaban kawunsa, wannan gidan a shiga ta ƙofar baya. Ashe ta yi abin da Inna ke roƙo tun kafin a roƙa. Na zauna ina karantawa har aka kira azahar.

Kuma tunda kowa ya faɗi gaskiya, ni ma bari in faɗa. Wata biyu da suka wuce na tura takardar neman aiki wata ƙungiya. Ba su kira ba tukuna. Ban san me zan ce ba in sun kira.

Zaman Juma'ar na gaya wa sauran ukun, biyu sun yarda, ɗayan ya ce sai in da shinkafa.

@DanGwadabawa, ɗaya daga cikin fayil ɗin yaron an mai da shi wurin kakarsa a wajenku, ta hanyar Illela. In na turo maka bayanin ta akwatin sirri, za ka iya leƙa shi?

DanGwadabawa:
Turo. Ranar kasuwa ina bin hanyar dama, sai in ratse. In da hali ki haɗo da na kwalba ɗaya.